Agogon Bangon Baba

Litinin, 4 ga Afrilu, 2016
Mutanen Windhoek, babban birnin ƙasarmu, sun sake mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, wai lokacin sanyi. Mu a garinmu Katima ba ruwanmu, namu yana nan. Amma ƙanena Likando sai shida ta can yake tashi daga aiki ya kira Baba, wato bakwai ta nan. Baba, da ya saba da kiran ƙarfe shida, ya zauna ƙarƙashin agogo da waya a cinya. Shida da rabi ya shige ɗaki. Bai ci tuwo ba, bai sha maganin suga ba.

Laraba, 6 ga Afrilu
Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya ce, “Inonge, ƙasa ɗaya, rana ɗaya, shida biyu? Ki ce dai yaron ya gaji da ni.” Da wayar ta yi ƙara ya ƙi karɓa.

Alhamis, 7 ga Afrilu
Likando: “Yaya, a akwati ake kulle mana wayoyi sai an rufe shago. Ki lallaɓa shi mana.” Ki lallaɓa shi! Shekara tara ina wanki, ina girki, ina layin asibiti. Shi minti biyar a waya, shi ne ɗan albarka. Haushi nake ji, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Asabar, 9 ga Afrilu
Baba ya faɗi a bakin ƙofa, jiki na rawa. Nas ta ce in ya ci gaba da kwana da yunwa, ba ta da abin da za ta yi mana.

Lahadi, 10 ga Afrilu
Yana barcin rana na hau kujera na mayar da agogon bango baya. Ni da ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Litinin, 11 ga Afrilu
“Shida” cif waya ta yi ƙara. Ya cinye tuwo da kifi tas.

Juma'a, 17 ga Yuni
Na gaji. Agogon gida daban, na kasuwa daban, wayata kuma Windhoek take bi. Sau biyu ina makara coci.

Lahadi, 4 ga Satumba
Windhoek sun dawo daidai da mu. Na hau kujera in gyara agogo, sai na ji muryarsa a bayana: “A hankali, ƙafarta ɗaya ta saki tun Afrilu.”

Na sandare. Ya ce ai ya sani, kaji ba sa shiga akurki da ƙarfe biyar. Na ce to me ya hana shi magana?

“Shi Likando kira yake yi. Ke kika hau kujera.”

Da yamma na zuba masa kifi, har da kan da na saba ɓoye wa kaina.