Ɗaya Ga Oktoba a Hanyar Kumba

New Bell, Duwala
Oktoba, 2019

Zuwa ga maigidana Sirajuddeen,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda wannan takarda ta same ka. Baba da Inna suna gaishe ka. Mu nan lafiya lau in ban da rashinka.

Na ba Zakari direba takardar nan ya ajiye a masallacin unguwar Hausawa ta Kumba, ko Allah zai sa ka ɓullo ta can. Wayarka a kashe take tun ranar da ka tafi ɗauko manja. Zakari ya ce an ga kamiyon, wato babbar motar kayan da kuka shiga, a gefen hanya, tayoyi a ƙone, ba kai ba yaron mota.

Siraja, ai na faɗa maka. Inna ma ta faɗa maka. Baba har zaunar da kai ya yi, ya ce ɗaya ga Oktoba a Kano daban, a nan daban. A wurinku ranar da Najeriya ta samu 'yanci ce. Amma da shekara ta zagayo, a wannan rana ɗin aka haɗa ɓangaren masu Turanci da namu na masu Faransanci aka yi Kamaru guda, kuma rigimar da ake yi yanzu a can yankin masu Turanci, inda Kumba take, kan wannan haɗin ne. In ranar ta zo, mutanen yankin rufe ƙofa suke yi, ko akuya ba ta tsallaka titi. Kai kuwa ka yi dariya, ka ce ranar hutu ce, hanya ba cunkoso, za ka riga 'yan kasuwa saye. Ka ce ina ruwan Bahaushe da faɗan Turanci da Faransanci. Har da ba ni labarin faretin makarantarku da farin takalmin da aka saya maka. Ni da aka haifa a New Bell na zama matsoraciya, kai da ka zo shekaranjiya ka fi kowa sanin gari.

Wallahi ina jin haushinka, kuma ina kewarka, na rasa wanda ya fi ci na. In kana hannun wasu ne, ka sa su kira, Baba ya ce ko gidan nan ne zai sayar. Na je wurin jandarma, jami'an tsaron nan, sau biyu, sun rubuta sunanka sun ce in koma gida.

Ka dawo dai, faɗan ma yi shi daga baya.

Matarka,
Mairama

New Bell, Duwala
Oktoba, 2021

Zuwa ga Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarka don haka aka saba, ban san ko akwai mai amsawa ba. Baba ya rasu da azumin bana, yana tambayarka har ƙarshe. Inna tana nan, ƙafa ce ke damunta.

Zakari ya ce takardata ta farko tana nan inda ya ajiye ta, ladan ya sa ta a leda saboda ruwa. Duk da haka ga wata.

Ranar ta sake zagayowa. Rediyon mai shayin bakin layinmu ya yi ta jero abubuwan da suka faru a rana irin ta: Sin ta kafa sabuwar gwamnatinta, Najeriya ta samu 'yanci, an haɗa Kamaru. Mai karantawa sai murna yake yi kamar shi ya shirya su. Na tsaya da bokitin ruwa a kaina ina saurare har ya gama, kamar wata sakarya. 'Yan garinku na kasuwa kuma suka yanka sa, aka yi shinkafa, har aka aiko mini da kwano. Na ba almajirin maƙwabta, ban iya kai shi baki ba.

Wanka Mukhtar ya zo daga Kano. Ya so a yi maka sallar gawa, in shiga takaba, a raba abin da ke rumfarka. Liman ya ce ba a yi wa wanda ba a ga gawarsa ba gaggawa, matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira. Mukhtar ya koma yana cewa mu Hausawan Duwala mun cika son abin duniya. Abin duniya! Jarkoki ne fa babu komai a ciki, da ma'auni ɗaya. Ni ce nake toya ƙosai da safe muke ci.

Ba na sa lalle, don kada a ce ta manta miji. Ba na sa farin zane, don kada a ce ta kashe shi da ransa. In na yi dariya a kalle ni, in na yi kuka a ce ba ni da tawakkali.

Jiya a gidan suna a Bonaberi wata baƙuwa ta zauna kusa da ni, muka gaisa, ta tambaye ni ko ina da aure. Na buɗe baki, Siraja, na rasa abin faɗa, har ta ba ni haƙuri ba ta san me ta yi ba. Amsar tana wurinka, ka tafi da ita.

In kana raye, Allah ya kuɓutar da kai. In ka riga mu, Allah ya jiƙanka. Kullum duka biyun nake yi, sai ɗaya ta same ka.

Ni ce,
Mairama