Na Kai wa Kulob ɗin Mijina Sarauniya Amina Mai Minshari

Anti Lauratu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, don abin da ya same ni ko ƙanwata na kasa gaya wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna a firamare ya tsaya.

Maigidana ya rasu cikin azumin da ya wuce. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Yana cikin wani kulob na taimakon jama'a a nan Zariya, masu gyara rijiyar burtsatse da saya wa tsofaffi tabarau. Akwai Musulmi akwai Kirista, duk masu dogon karatu. Kowace Asabar bayan la'asar suna taro, mutum ɗaya ya yi jawabi a kan abin da ya sani, in ya gama sai wani ya tashi ya gyara masa kurakuransa a gaban kowa. Wannan aikin gyaran shekara da shekaru na Malam ne, har Malam Gyara suke ce masa.

Suna da al'ada, in ɗan kulob ya rasu bai yi jawabin da aka sa masa ba, ba a sokewa, wani daga gidansa ke zuwa ya tsaya masa. Malam ya rasu an sa masa magana a kan Sarauniya Amina. 'Ya'yanmu duk suna nesa. Da na fita takaba shugabarsu, Madam Dinah, ta zo har gida ta ce ko zan zo in yi 'yar godiya kawai, shi ke nan. Ni kuwa uwar iyawa na ce mata godiyar me, ai tarihin Amina a kaina yake, Malam ya koya mini tas.

Anti, tun ina amarya yake ba ni labarinta, yawanci in yana jiran abinci. Ya ce gajera ce, bahaguwa, da hagu take riƙe takobi. Ya ce ba ta taɓa tuƙa tuwo babu gudaji ba, kuma babu abin da take tsoro a duniya sai kyankyaso. Ya ce akwai garin da ta ci ba tare da yaƙi ba, saboda mutanen garin sun ji minsharinta sun zaci gangunan yaƙi ne suka gudu. Ya ce tsamiyar bayan gidanmu nan Tudun Wada, a jikinta take ɗaure dokinta. To ni gajera ce, bahaguwa ce, sauran ma ba sai na faɗa ba. In na ce Malam ai kamar ni, sai ya ce ƙwarai kuwa, wa ya sani ko jininta ce ke. Ko murmushi ba ya yi. Na yi shekaru ina tafiya a unguwa ina jin kaina jikar sarauniya.

Na sa atamfar da ya fi so na tafi. Aka ba ni kujerarsa. Na miƙe, na ce duk abin da zan faɗa daga bakin Malam Gyara ya fito, saboda haka babu mai gyara mini. Suka tafa. Na fara da gajarta da hagu, ɗaki tsit. Da na zo kan kyankyaso na ga wani likita ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, na ce a raina Allah sarki, kukan abokinsa yake. Sai na ƙara ƙaimi. Da na kai minshari, wata hajiya ta fita da sauri ta toshe baki da mayafi. Ina gama zancen tsamiya, ban kai rabin labarin ba, aka kaɗa ƙararrawar cikar lokaci.

Malam Godfrey, wanda ya gaji aikin gyaran, ya so ya ƙi tashi, amma doka ce. Ya miƙe yana share gumi. Ya ce masana ma ba su daidaita a kan zamanin da ta yi ba, balle tsawonta ko hannun da take cin tuwo da shi. Ya ce lokacinta babu Tudun Wada ma tukuna. Wani tsoho daga baya ya ce tsamiyar nan kuwa da idonsa ya ga surukina, mahaifin Malam, yana dasa ta. A nan dariyar da suke riƙewa ta ƙwace. Ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Sai a cikin keke napep, wajen Kwangila, kuka ya zo.

Ba kunyar ce ta fi ci mini rai ba. Mutumin da ba ya barin kuskure ɗaya ya wuce a gaban masu digiri, ni ya zo gida ya yi ta cika ni da tatsuniya. Gaskiya ta masu boko ce, ni kuwa 'yar firamare a ba ni ƙanzon kurege? Tun ranar in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai in ji haushinsa, sai kuma in ji tsoron Allah. Da yana nan da na hana shi abinci kwana biyu mun shirya. Yanzu da wa zan yi faɗan?

Ga shi Madam Dinah ta aiko wai kulob ya ce lallai in dawo Asabar in ƙarasa. Anti, girmama ni suke ko sun samu abin dariya? Kuma shi Malam, raina ni ya yi?

Jikar Sarauniya ta Ƙarya, Tudun Wada

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Malam, ya ba ki haƙurin rashinsa. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na yi dariya a wajen minsharin, sannan na sake karanta wasiƙar daga farko.

Haushinki yana kan hanya. Malam ya yi kuskure. Wasan da ɗaya ya san wasa ne ɗaya bai sani ba, ya kamata wata rana a warware shi, shi kuwa bai warware ba har kika tsaya a gaban jama'a da shi. Jin haushin mamaci a kan irin wannan ba saɓo ba ne. Ki gaya wa Allah abin da ke ranki yadda yake, sannan ki yi masa addu'ar.

Amma raini ban gan shi a wasiƙarki ba. Mai raina mace abin dariya yake mai da ita a wajen abokai, kuma da ya yi haka da 'yan kulob ba su yi mamaki ba ranar. Shi abubuwan da wani miji zai goranta miki ya tattara ya ɗora wa macen da Zazzau ke alfahari da ita. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani. Zatona dai da wasa ya fara, ya ga yadda kike jin daɗi, ya rasa ranar da zai ƙwace miki.

Batun kulob kuma, kada ki yi ta zato. Ki je wajen Madam Dinah kafin Asabar ki tambaye ta kai tsaye me suke so. Wataƙila akwai mai son dariya a cikinsu, ba zan rantse miki ba. Amma mutanen nan Malam mai gyara kawai suka sani, ke kaɗai kika san mai shirya tatsuniya yana jiran tuwo, kuma su ma rashinsa suke ji. Ki roƙi Malam Godfrey ya ba ki abin da masana suka faɗa a kan Amina da Hausa mai sauƙi. Ba ki rasa basira ba, wanda kika yarda da shi kika gaskata.

Shawarata ki je. In kin miƙe ki ce musu tarihi na wajen Malam Godfrey, ke kin zo da labaran da mijinki ya ƙirƙira don matarsa. Daga nan babu abin da za a gyara miki, kuma duk dariyar da aka yi tare da ke aka yi. In kuka ya zo a tsakiya ki bar shi ya zo a gabansu, kada ki sake ɗauke shi ke kaɗai zuwa gida.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa Malam yana cikin rahama.

Anti Lauratu