Rigar da Na Kira Gidan Sauro

Bremen, 19 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Wiebke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Hauke. Allah ya sa gwiwarsa ta yi sauƙi, ya ƙara muku lafiya a can Halifax. Mu nan kowa ƙalau. Mama ta koma shan kofinta a lambu tana faɗa da maƙwabci a kan shinge, kin ga kuwa ta warke.

Na zaɓi takarda ne domin a waya na san kewaye-kewaye zan yi. Maganar 'yarki Merle ce. Lafiyarta lau, da ƙafarta take zuwa aiki. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta. Amma riga mai dogon hannu da kike ganinta da ita duk sanda kuka yi waya ta bidiyo, ba don sanyin ofis ba ce kamar yadda ta gaya miki. Bandeji take ɓoyewa, kuma ni ne sanadi.

Kin tuna kin yarda ta bi mu yawon babur zuwa tsaunukan Italiya ne bayan na yi miki alkawarin ba za ta hau ko sau ɗaya babu cikakkun kayan kariya ba. A watan Mayu na kai ta shago. Mai shagon ta kawo wata riga mai hasken launi, saƙarta raga-raga yadda iska za ta ratsa, da kariya mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, sai kuma wata 'yar rigar ruwa da ake naɗewa a jaka a ɗora a kai idan hadari ya taso. Merle ta so ta. Ni kuwa na yi dariya na ce gidan sauro muka zo saye? Matar ta ce zafin kudu ba irin namu ba ne, rigar da mutum ba zai iya jurewa ba cire ta zai yi. Na ce mata shekara talatin nake hawa. Ban ƙara da cewa duk a sanyinmu na arewa na yi su ba. Haka na sa Merle ta ɗauki baƙar rigar fata mai nauyi irin tawa. A gidan jaridar da nake aiki ban taɓa barin labari ya fita ba sai na ji daga baki biyu, amma ranar ko baki ɗayan ban saurara ba.

Rana ta huɗu da safe, a saman tsauni, ruwa ya kama mu cikin sanyin digiri bakwai. Fatar ta sha ruwa ta yi nauyi. Da azahar muka gangaro kwarin Meran, zafi digiri talatin da shida, ga cunkoson motoci. Abokina Torben, wanda irin gidan sauron nan ce a jikinsa, ya cire rigar ruwansa ya cusa a jaka, shi ke nan. Duk tsayawar da muka yi sai ya ɗaga gilashin hularsa ya tambaye ni, wai dattijo ya dahu ko a ƙara wuta?

A wani gidan mai Merle ta zauna a ƙasa ta ce Kawu, kaina juyawa yake. Abin da ya kamata na sani: mu nemi inuwa, mu sha ruwa, mu jira rana ta yi sanyi. Amma ni ma na galabaita, kuma ba na son Torben ya ga haka. Sai na ce kilomita goma sha biyu kawai suka rage zuwa masauki, mu ɗaure rigunan a bayan babur. Merle ta dube ni ta ce ba ni ne ke cewa ko burodi za a sayo sai da cikakkun kaya ba? Ni na fara cire tawa, Wiebke. Ta ga na cire, ta cire.

Kilomita huɗu muka yi. A wata kwana akwai tsakuwa, tayar gaban babur ɗin Merle ta zame. Ba gudu take ba, da rigar a jikinta da ƙura kawai za ta kaɗe. Hannunta na dama ya goge a kwalta daga gwiwa har wuyan hannu. Babu karaya, hular kwano ta tsare kanta, amma likita ya ɗauki kusan awa guda yana tsince tsakuwa, kuma ya ce tabo zai zauna. Torben bai sake yi mini tsiya ba har muka dawo gida, kuma shirun nan ya fi tsiyar ciwo.

Merle ta roƙe ni kada in faɗa miki. Da na ce sai na rubuta, ta ce to in ɗora wa tsakuwa laifin, ai ba ta da lauya. Na kasa. Tsakuwa ta kayar da ita, amma ba tsakuwa ce ta cire mata riga ba.

Makon jiya mun koma shagon. Matar ta kalli bandejin, ta kalle ni, ta shiga ciki ta fito da rigar nan guda biyu, ƙarama da babba. Ta tambaye ni ko in gwada gidan sauron. Na gwada, ya yi mini daidai.

Yanzu Merle na so mu sake fita a watan Satumba. Na ce mata sai abin da kika ce. Alkawari na yi miki na karya, ba ni da bakin roƙon wani. Idan kin ce a'a, ni zan gaya mata, kuma zan faɗa mata dalilin ni ne, ba ke ba.

Ki gaida Hauke da ɗanku Jannes da matarsa. Mama da matata Gesa suna gaishe ku. Mama ba ta sani ba tukuna. Ita ce ta gaba a layi, kuma ita babu damar takarda, sai dai ido da ido.

Ƙaninki,
Detlef