Tabo a Jirgin Semail

Pengkalan Ru, farkon Rajab

Zuwa ga maigidana Abang Semail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Hannun ya fara riƙe cokali kuwa? Ina fata ɗanmu Zakaria da matarsa suna lafiya, kuma kana shan magani ba gardama. Mu nan lafiya lau, sai zafin rana.

Abang, na daɗe ina juya wannan magana kafin in ɗauki biro. Ranar da za a tafi da kai Kuala Lumpur ka faɗa a gaban kowa cewa kada kowa ya taɓa jirgin ruwanka sai ka dawo, ka kuma damƙa mini amanarsa. Yana nan a kan yashi inda ka bar shi. To, ranar Juma'a na je dubawa, sai na tarar da baƙin tabo a gefensa, an gurje furannin nan da ka zana da hannunka. Abin ya dame ni, don na san ba yau ba gobe za ka sake riƙe burushi.

Ka yi haƙuri, wurin abokin faɗanka Pak Su Deraman na je neman shawara. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malama Piah, yau matar sarkin fenti ce a ƙofata? Rubuta masa ki ce Deraman ne ya koya miki, haushi kaɗai zai tashe shi daga gado." Sannan ya ce in wanke wurin da ruwan rijiya, in tankaɗe tokar ɓuntun shinkafa, in kwaɓa ta da man kwakwa, in riƙa murzawa a hankali da tsohon zane mai laushi. Ya ce, "Da kin ga launi a jikin tsumman, ɗage hannu. Kin wuce man sheƙin, kin shiga fenti."

Na yi bisimilla na fara. Alhamdu lillahi, kafin la'asar tabon ya fita, furannin sun dawo kamar jiya ka gama su.

Allah Ya ba ka lafiya.
Matarka, Sepiah

Pengkalan Ru, ƙarshen Rajab

Abang,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Zakaria ya rubuto cewa ka taka har bakin ƙofa da sanda. Na yi sujadar godiya. Budun da na aiko, romon kifin nan mai gishiri, ya iso? Kada ka ci da yawa, likita ya hana gishiri.

Tabon ya dawo, Abang. Na goge, ya sake dawowa, kuma kullum ranar Juma'a nake tarar da shi, yanzu har gefe biyu. Maƙwabciyarmu Mek Nab ta ce aikin aljanun teku ne, in rataya laya. Na ce mata aljani ba ya barin sawun igiya. Ta ce, "Ke dai Piah, komai sai kin kawo hujja, kamar alƙali."

Zuciyata ta fi karkata ga Mamat da Dollah, yaran jirginka, ko suna fita kamun kifi da shi ne ranar Alhamis idan na tafi koyar da mata karatu a ƙauyen gaba. Ban gani da idona ba, shi ya sa ban faɗa wa kowa ba, kuma ina ta istigfari. Amma da na haɗu da Mamat a kasuwa ya sunkuyar da kai, gaisuwar ma a guje ya yi ta.

Abin da ya fi damuna, wannan karon na ga ɗan shuɗi a jikin tsumman. Kaɗan ne, a gefen ganye ɗaya, ba mai lura sai kai. Idan aka ci gaba haka, ni da hannuna zan cinye zanenka.

Ka sa ni a addu'a.
Sepiah

Pengkalan Ru, tsakiyar Sha'aban

Abang Semail,

Assalamu alaikum, da fatan sauƙi yana ƙaruwa. Ka zauna sosai kafin ka karanta wannan.

Alhamis ɗin nan ba a yi karatu ba, 'yar mai masaukinmu ce ta haihu, sai na juyo da hantsi. Ina isowa bakin teku na ga wurin jirgin wayam. Na ɗaga kai, ga shi can a ruwa an ɗaure shi, yana lilo. Sai na zauna a kan yashi ina jira.

Ina nan zaune suka zo fitar da shi. Mamat da Dollah na gaba, ga mijin Mek Nab, ga liman ya naɗe zanensa har gwiwa, da wasu da dama. Suka jera gumagumai a ƙarƙashinsa, suka sa kafaɗa, Deraman na ba da murya suna turawa. Kafaɗunsu duk yashi, igiya na goga a kan furannin. Tabon da nake ta gogewa ke nan.

Da suka hango ni sai kowa ya tsaya cik. Deraman ne ya yi ta maza. Ya ce, "To, an kama ɓarayi, har da liman." Ya ce katako idan ya daɗe a wannan rana bai sha ruwa ba, bushewa yake, haɗin ya buɗe, jirgi ya zama itacen girki mai furanni. "Mijinki ya fi kowa sanin haka. Ya ɗauka kwana kaɗan zai yi, ga taurin kai kamar angar jirgi."

Na ce me ya hana su gaya mini? Ya ce, "Ke? Da kin ce amana ce, kin zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai." Na ce amma shi ya koya mini gogewa, yana sane. Ya ce, "To mu ɓata, mu kuma bar shi a ɓace?" Liman ya yi dariya har ya saki igiya.

Na nemi gafarar Mamat da Dollah a gaban kowa saboda zaton da na yi musu. Mamat ya ce shi ma tun tuni ya kasa haɗa ido da ni. Daga nan suka kafa mini akwati na hau na leƙa cikin jirgin. Tun asuba yake cikin ruwa, Abang, amma cikinsa a bushe ƙayau, ko ɗigo bai shiga ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na dafa musu shayi da soyayyar ayaba. Tun jiya kuma nake yanka tsofaffin zannuwana ina ɗinka musu matashin kafaɗa, da wani na naɗe igiya, don fentin ya huta. Deraman ya zaɓi mai jan fure, wai ya dace da fuskarsa.

Yanzu ga gaskiyar magana. Ka ce kada kowa ya taɓa, an taɓa, kuma daga yau da sanina za a taɓa. Na auna, na ga jirgin ka ba ni amana, ba maganar ba. Alhamis mai zuwa ma za su zo, ba zan hana ba. Idan kana da faɗa, ka warke ka zo ka yi da bakinka. Deraman ya ce yana nan yana jira, kuma ka zo da sandar.

Gaisuwa ga Zakaria da iyalinsa. Allah Ya saka wa mutanen nan da alheri, Ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Sepiah