Inda Ba A Kunna Kyandir

Valea Orzului, 10 ga Fabrairu

Ilinca 'yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya sanyin Bukares? Bayan haka, na ba direban ƙaramar bas wannan takarda da kwalbar zacuscă biyu, ragowar miyar gauta da mamarki ta dafa da hannunta. Waya kin san a bakin shingen tashar da nake aiki ake ajiye ta, don gas ɗin haidurojin ba ya wasa da tartsatsi. In na fito na kira kuma, ba kya ɗauka.

Jiya iska ta yi abin kirki, fankokin da ke samar da wutar lantarki suka yi ta juyawa. Lahadi ce, masana'antu a rufe, tashar nukiliya kuwa halin kakarki gare ta, in ta fara ba mai rage mata murya. Wuta ta yi yawa har aka rasa mai saye. Na tayar da injina ya sha ta banza, ya tsaga ruwa, kafin yamma tanki uku sun cika da gas. Ranar da fankoki suka tsaya cik, mu mayar da shi wuta mu sayar da tsada. Ni kaɗai na yi murnar, sai karen wani makiyayi da ke leƙe ta shinge.

An ce ofishinku ne zai yanke ko a rufe mu. Ki sa baki, 'yar nan. Lahadi shida ga Afrilu za a yi wa mamarki addu'ar shekara. Ki zo.

Mahaifinki,
Nichifor

Bukares, 24 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Kwalabe sun iso, ban iya buɗe su ba.

Gara ka ji daga bakina: binciken tasharku a kan teburina yake. Baba, in kun zuba mudu goma na wuta a tankin nan, uku zuwa huɗu ke dawowa. Injin kuwa ya ci kuɗin gina makaranta, amma sai wuta ta yi arha yake aiki. Wa zai gina tanda don ya gasa burodi ran Lahadi kaɗai? Na juya lissafin ta kowace fuska ko zan sama maka ƙofa, ban samu ba.

Kuma tunda ka ambaci Lahadi. Lahadin da mama ta cika a asibitin Constanța, sau biyu ta ce, "Babanki ya iso?" Na ce, "Yana hanya, Mama." Ta yi murmushi ta ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Ba kya jin iska a taga? Yau kam kishiyata, tashar nan, ta riga ni." Ni na riƙe mata kyandir a hannu don kada ta tafi cikin duhu, aikin da naka ne. Har yanzu ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba.

Ka huta lafiya.
Ilinca

Valea Orzului, 3 ga Maris

Ilinca,

Na gaishe ki. Da na karanta takardarki na ce, "Ji min 'yar da na koya wa ƙirga yatsu!" Na ninke ta na cusa ƙarƙashin tukunya. Kwana uku na ciro ta.

Mudunki daidai yake, na san shi tun kafin ki sani. Ranar nan likita ya ce da sauran kwanaki, ni kuma na ce bari in cika tanki ɗaya in kama bas ɗin yamma. Ba ni da wata hujja bayan wannan.

Ban gaya miki ba, tun bayan jana'iza na kulle gida, a ɗakin gadi nake kwana cikin shinge. Nan ko ashana ba ta shiga. Kusan shekara guda ke nan ban kunna wa mamarki Domnica kyandir ko ɗaya ba. Coci kuwa ran Lahadi ake zuwa, ranar aikina, kuma ina kunyar idon matan garin.

Ba albashin nake ji ba, Ilinca. In wurin nan ya ɗore, zan iya ce wa kaina wani abu na tsare. In an rufe shi, to a kan me na bar ta?

Duk da haka kada ki taɓa ko lamba ɗaya a lissafinki.

Babanki

Bukares, 4 ga Afrilu

Baba,

Barka da war haka. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na sa hannu tun tsakiyar Maris, ka riga ka ga sakamakon: za a rufe tashar. Na yi kuka a banɗakin ofis, in hakan zai rage maka wani abu.

Ga colivă, alkamar sadaka, na dafa yadda mama take yi da gyaɗar turawa. Kyandir na cikin tawul. Ni ban shirya ganin kabarin ba tukuna.

Taka,
Ilinca

Valea Orzului, 7 ga Afrilu

'Yata,

Saƙo ya iso, Allah ya yi miki albarka. Ran Juma'a suka kwashe gas ɗin, suka cire allon hana kunna wuta suka tafi da shi.

Na kai alkamar coci, matan sun ce hannun Domnica ne sak. Da na dawo na kunna kyandir ɗin a gindin tanki na uku. Sau uku iska tana kashe shi. Na durƙusa na kare shi da tafin hannuna har ya ƙone.

Lahadi mai zuwa ba ni da aiki. Bas yana isowa ƙarfe sha ɗaya. Zan tsaya a bakin titi.

Babanki