Ƙulli a Takalmin Dou

Litinin, 21 ga Yuli

A sanar da na kusa da na nesa: yau da ƙarfe goma tsohuwar kwamfutar shagonmu ta cika, bayan shekara goma sha bakwai tana tari. Ta tafi da manhajar da marigayiya matata Lan ke tsara ado da ita kafin inji ya ɗinka. Ta bar gwauro ɗaya, wato ni, da inji mai kai biyu da bai san abin da zai yi da allurarsa ba.

Ta kuma iya zaɓen lokaci. Juma'a watan ƙari na kalandarmu ta gargajiya zai kama, watan da kowane ɗa nagari ke ɗinka wa iyayensa kayan tsawon rai tun suna da ƙafarsu. Haka muke kiran tufafin da ake sa wa mamaci. Mu mutane ne masu ladabi.

Laraba, 23 ga Yuli

Manaja Pei na kamfanin manhaja ya zo da manhaja biyu. Ta farko na sa mata suna Jaka, wato macen jaki: abin da ka ce shi take yi, in ba ka ce ba ta tsaya tana kallonka. Ta biyu Mai Digiri. Ka nuna mata hoton gauraka, kafin shayinka ya huce ta tsara kowane gashi.

Muka gwada furen bado. Pei ya ja zaren da farce, ko gezau. Sai Yaya Tao, yayar Lan, wadda ta shekara arba'in tana ɗinkin hannu a nan, ta juya ƙyallen ta shafa bayansa da babban yatsa.

"Ƙulli," in ji ta. "Kuma allurar baya take komawa."

Pei ya ce ai nan ne gwanintar. A ƙarshen kowane zare taku uku gaba, uku baya, sai ta ɗaure. Ba a ma iya kashe wannan tsarin, don kamfani bai zaci akwai mai son ɗinkinsa ya warware ba.

Yaya Tao ta juyo kaina. "Malam Meng, kai da ka cinye littattafai, tun yaushe ake ɗaure zare a kayan mai tafiya? Allura ta koma baya, shi ma ya dawo."

Na ce mata na koyar da adabi shekara ashirin, na san duk fatalwowin da aka rubuta, ban ga wadda ta tsaya duba bayan ɗinki ba. Ta ce, "Su ma maza ne suka rubuta su."

Na ɗauki Mai Digiri.

Juma'a, 25 ga Yuli

Wata ya kama. Kayan Mama na fara yi: shuɗiyar riga mai gauraka takwas, da takalmin ƙyalle mai bado da tsani a tafinsa, don ta taka fure ta hau sama. Ta gwada takalmin a kan gado ta ce, "Auta, yana riƙe ni." Awonta ne daidai. Shekara tamanin da shida, komai riƙe ta yake.

Talata, 29 ga Yuli

Tsoho Dou ya rasu jiya. Shekara tara muna buga dara, irin tamu mai doki da sarki, a teburin dutsen da ke ƙofar shago, kullum da tsakar rana, kuma ban taɓa yarda ya fi ni ba. Wasan Lahadi ba mu gama ba. Na rufe shi da kwando.

Ni na yi masa kayansa da Mai Digiri. Sun yi kyau ƙwarai. Yaya Tao ta ƙi taɓawa.

Litinin, 4 ga Agusta

Matar Dou ta zo. Ba ta zauna ba. Wai tun ranar da aka ƙone gawar, da rana tsaka tana jin mutum a bakin ƙofarsu kamar mai gyara zaman takalmi a ƙafarsa. Ya fita, ya dawo, ya fita.

Na ce kewa ce, na kawo mata baitin wani tsohon mawaƙi a kan haka. Ta ce, "Malam, ni ba waƙa na zo ji ba. Me kuka sa masa a ƙafa?"

Alhamis, 7 ga Agusta

Na ɗaga kwando. A kan allon dara, dokin Dou ya matsa gaba. Na shiga cin taliya, na fito, ya koma inda yake.

Akwai kyanwa a layin nan.

Asabar, 9 ga Agusta

An yi ruwa da hantsi, aka ɗauke. A kan simintin ƙofa, inda rumfa ta hana ruwa sauka, akwai sawu a jiƙe. Ƙafa ƙarama, mai faɗi. A tsakiyar kowane sawu bado, a ƙarƙashinsa tsani mai hawa bakwai. Ni na tsara shi, na san inda na karkata hawa na huɗu.

Taku uku zuwa titi. Uku baya.

Ba mai yawo da irin takalmin nan. Tafinsa ƙyalle ne, ba a yi shi don ƙasa ba. Na tsaya har rana ta shanye sawun, sannan na ɗauko tsintsiya na share busasshen siminti. Ban san dalili ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Na kira Pei. Ya yi dariya, ya ce in jira sabuwar fitowar manhajar, wataƙila baɗi. Ya tambaya ko ɗinkin ya warware ne. Na ce a'a. Ya ce, "To, ka gani?"

Duk yini ina jin injin. Da ban taɓa lura da kukansa ba. Tak tak tak. Tak tak tak.

Laraba, 13 ga Agusta

Likita ya duba Mama, ya ja ni waje ya ce a kira dangi. Ta daina cin komai sai ruwan kunun gero.

Da azahar na kai mata, tana kallon taga. Ta ce, "Ka ce wa Dou ya shigo ko ya wuce, yana tare min haske." Ba wanda ya faɗa mata ya rasu. Mun ɓoye.

Na leƙa. Teburi, kwando, rana.

"Tun safe yake ta gwada tafiya, abin tausayi," in ji ta. Sannan ta kama hannun rigata. "Auta, kada ka bar ni a bakin ƙofa haka. Ni ba na son tsayuwa."

Na ce wa zai bar ki. Muryar da ta fito ba irin ta aji ba ce.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na sauko da kayan Mama, na juya bayansu, wai ina duba inganci. Yaya Tao ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo min hantsaki da ƙaramin almakashi.

Kowane gashin gauraka da ƙullinsa biyu. Sai ka ɗaga, ka yanke, ka zare takun bayan, ka bar bakin zaren a sake. Ta ɗauki riga, na ɗauki takalmi.

Can ta ce, "Lan kashe tsarin ƙullin take yi a tsohuwar kwamfutar, tun ranar farko. Ba ta faɗa maka ba don kada ka yi mata lacca."

Shekara goma sha bakwai.

Lahadi, 17 ga Agusta

Kwana huɗu muna kwancewa. Yatsuna sun kumbura. Na aika wa waɗanda suka yi oda saƙo cewa a dawo da kaya, akwai ɗan gyara. Na karɓo Jaka daga wurin Pei, na zauna ina gaya mata komai taku-taku kamar ɗan aji ɗaya. Da ita na yi sabon takalmi awon Dou. In ka ja zaren, biyo ka yake.

Matarsa ta ƙone takalmin a mararraba da rana, ta kira sunansa sau uku, ta ce ga naka, sa ka tafi.

Na raka ta ne kawai don hayaƙi na damun idonta.

Talata, 19 ga Agusta

Dokin ya matsa gaba. Na ci taliya, na wanke kwano, na ba shi lokaci. Na fito yana nan, bai koma ba. Na duba allon da kyau: ya kashe ni, ba mafita. Tsohon banza, tun Lahadin can ya gani.

Siminti a bushe.

Juma'a, 22 ga Agusta

Watan ƙari ya ƙare yau. Mama ta sa aka gwada mata takalmin, ta motsa yatsu a ciki ta ce yanzu kam ya sake ta. Ta sha kunu rabin kwano, ta yi barci fuskarta na kallon taga. Likita bai canja magana ba.

Ban ce na yarda da komai ba. Kyanwa tana nan, ruwa kuma yakan yi zane iri-iri. Amma a kan ƙulli, Yaya Tao ce da gaskiya. Ni na yi kuskure.