Inna Ba Ta Faɗin Sunana

Laraba da dare, Ƙofar Taramniya

Na dawo daga asibiti na tarar yara sun taru gaban talabijin ɗin da na saya da ƙarin albashin bana. Katun ake yi, irin na Japan. Wani yaro zai hau dodo mai fiffike ya tafi yaƙi, uwarsa ta rungume shi tana ta kiran sunansa. Hadiza ta jingina da ƙafata ta ce, "Baba, kai ma haka Inna take yi maka?" Na ce ta yi shiru ta yi kallo.

Ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, kunya ba ta barinta. "Wancan" take ce mini. Amma ita ta sayar da akuyarta aka yi mini kayan makaranta, ta sa Gwaggo ta ce ita ta saya. Sai da na girma na sani.

Yau likita ya ja ni gefe ya ce mu yi ta addu'a. Tun azahar nake zaune bakin gadon Inna, ina sa ran ko yau za ta faɗa. Da magariba ta buɗe ido, ta dube ni sau ɗaya, ta juya wajen ƙanwata Kulu.

"Ki ce ma wancan shi tahi gida. Tun sahe bai ci komi ba."

Ban gaya wa kowa ban ci abinci ba. Ga tuwo nan a rufe kusa da ni, na kasa buɗe kwanon.